Na Shiga CBEX da Wuri, Ribar Halas Ce?

Tun da CBEX ta rufe a Afrilun 2025 ake yawan yi min wannan tambayar a nan Katsina: "Malam, ni na fita da ribata lafiya, ban yi nufin cutar kowa ba."

To ɗan uwa, kyakkyawar niyya ba ta halatta dukiyar wani. Bentham na Ingila yana auna aiki da amfaninsa ga jama'a, Imam Shaɗibi ma tun kafin shi ya yi bayani a Muwafaƙat kan duba makomar aiki. Mu auna mana. Kuɗi ya ninku cikin kwana 30, me aka saya, me aka sayar? Babu. Abin da ka karɓa jarin wanda ya shigo bayanka ne, wataƙila matar da ta kwashi adashenta ta zuba. Haka MMM ta yi a 2016, muna gani, muka sake komawa.

A fahimtata uwar kuɗinka taka ce. Abin da ya hau kai kuwa ka mayar, ka fara da waɗanda ka jawo da bakinka har ka ci kamasho a kansu. In ba ka san masu shi ba, ka yi sadaka da shi a madadinsu.