Labarin Da Bai Faru Ba, Ƙarya Ne?

Da daddare a Gazawa ko Gidan Rumji, in an gama tuwo, za ka ga yara sun kewaye waya guda suna kallon fim ɗin Kano da aka zuba musu a kasuwa. Uba ya zo wucewa ya ce, "Ku bar wannan ƙarya!" Ya mai karatu, bari mu tsaya a kan wannan kalma. Ashe duk labarin da bai faru ba ƙarya ne?

Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka yake ba, domin a gaskata ka. Mai ƙarya ɓoye aikinsa yake yi. Amma tsohuwa mai tatsuniya ba ta ruɗi kowa ba, gama ko ƙaramin jikanta ya san kura ba ta magana. Duk da haka yaron yakan kwanta da sanin yadda kwaɗayi ke kai mutum rami.

Ka tuna da annabi Natan. Da ya je wurin sarki Dawuda bayan zancen Uriya, bai soma da zargi ba. Ya ba shi labarin mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Dawuda ya husata ya yanke hukunci, sa'an nan ya gane kansa ya hukunta (2 Sama'ila 12). Babu tunkiyar, babu matalaucin, amma laifin yana nan.

Masu ilimin falsafa, wato binciken gaskiya da adalci, sun kama wannan hanya. A Amurka wani malami, William Irwin, ya soma jerin littattafai a 2000, inda masana ke ɗaukar wasan talabijin ko fim su tona tambayar da ke cikinsa. Na 2002, a kan fim ɗin The Matrix, yana tambaya ko abin da ido ya gani shi ne gaskiya.

Mu ma muna da abin tonawa. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Labarin Rabi ne, mai 'ya'ya 9, wadda mijinta Alhaji Abdu ya hana ta kuɗin cefane, ya kawo amarya, ya kore ta da yaran. Ta shiga sayar da abinci, ta riƙe su. Daga baya shagon mijin ya ƙone, amarya ta ci amanarsa, ya tsiyace. Sai dangi suka matsa wa Rabi ta koma.

To, ka lura, tambaya biyu ce a nan. Mai kallo yakan ji daɗi in shago ya ƙone. Amma kai da ni mun san mazan da suka sayar da geron rumbu suka ƙaro mata, yara na yunwa, ba kuwa abin da ya ƙone musu. Yaron da ya koyi cewa mugunta ba ta da kyau don wuta tana biyo ta, me zai ce ran da ya ga mugu yana ƙiba? Laifin Alhaji Abdu ya cika tun daren farko da yaran suka kwana babu tuwo, ko da shagon bai taɓa ƙonewa ba.

Ta biyun ta fi wuya. A 2007 gwamnan Kano, Ibrahim Shekarau, ya sa aka ƙone littattafan soyayya a gaban jama'a, wai suna ɓata tarbiyya. Gaskiya akwai marasa kunya a cikinsu. Amma wanda ya hana 'yarsa irin labarin Rabi ya hana ta tambayar da wataƙila za ta same ta a ɗakin aure: gafarta wa mutum da komawa ƙarƙashinsa, abu ɗaya ne? Wani dattijo zai ce haƙuri ne. Ni dai na lura sai da mijin ya rasa mai ba shi tuwo aka ɗaure wa Rabi kayanta.