Guntun gatari: tunani a kan ƴancin makaɗi

Tun da aka fara kiɗa a duniya makaɗi yake fuskantar tambaya guda: wa zai ciyar da shi, kuma me mai ciyarwar zai nema a madadi? Makaɗin fada yana da ubangida, makaɗin zamani yana da kamfani. Kowanne ya san gaskiyar karin maganar nan da ke cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. To amma akwai waɗanda suka ce ba za su karɓi ladan ba sam. Labarin wasu samari na birnin Washinton, a Amurka, zai taimake mu mu auna wannan matsayi, mu ga ko nagarta ce ko kuwa taurin kai.

A shekarar 1980 wata ƙungiyar matasa masu kiɗan rok mai zafi, irin wanda ake kira pank, ta watse. Sunanta Teen Idles. A asusunta akwai dalar Amurka 600 da ta tara daga wasanni. Maimakon su raba kuɗin, sai suka yarda a buga faifai da shi. Biyu daga cikinsu, Ian MacKaye da Jeff Nelson, suka kafa ɗan kamfanin Dischord domin wannan aiki. An buga kwafi 1000. Da yake ba su san yadda ake yin rigar faifai ba, sai suka warware ta wani faifai suka ga yadda aka naɗe ta, sannan suka zauna da almakashi da gam suna yanka, suna naɗewa, suna liƙawa da hannu. MacKaye yana da shekara 18 a lokacin.

Daga wannan ƙaramin aiki wata ɗabi'a ta tsiro, wadda ƙungiyar Fugazi ta riƙe tun kafuwarta a 1987 har ta dakatar da wasa a 2003. Sun yi wasa fiye da sau 1000, kuma a mafi yawan wasanninsu na Amurka kuɗin shiga dala 5 ne. Ba sa hawa dandalin da aka hana yara shiga. Tun zamanin Teen Idles aka samo dabarar zana alama a bayan hannun wanda shekarunsa ba su kai na shan giya ba, don ya shiga ya saurari kiɗa ba tare da an sayar masa da ita ba. Ba sa sayar da riguna masu sunansu. Idan wani ya tada hankalin jama'a a tsakiyar wasa, sukan tsayar da kiɗa, su mayar masa da kuɗinsa, a raka shi ƙofa. Manyan kamfanoni sun neme su, suka ƙi.

Mene ne amfanin wannan ƙi? Amsa ta farko ta lissafi ce. A 1993 Steve Albini, masanin naɗar sauti, ya rubuta wata maƙala inda ya yi misali da ƙungiyar da ta sa hannu da babban kamfani ta sayar da kwafi 250.000. Bayan an cire bashin kamfani da rabon kowane mai shiga tsakani, abin da ya rage wa kowane makaɗi bai wuce dala 4000 da ƴan kai ba. Dalili shi ne kuɗin da kamfani ke bayarwa da farko bashi ne da ake cirewa daga rabon makaɗi, faifan kuma ya zama mallakar kamfani. Ta wannan fuska, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma lissafi kaɗai bai isa ya mai da abu nagarta ba. Amsa ta biyu ita ce ta ɗabi'a. Farashin tikiti hukunci ne a kan wa zai shiga, wa zai tsaya a waje. Wanda ya ce dala 5, ya ce ɗalibi da ɗan ƙwadago su shigo. Wanda ya ce kowane yaro ya shiga, ya yarda cewa kiɗa ba bawan kasuwar giya ba ne. Makaɗin da ya miƙa wa wani ikon yanke waɗannan hukunce-hukunce ya miƙa wani yanki na amanar da ke tsakaninsa da masu sauraronsa. Ƴancin da waɗannan samari suka nema shi ne su iya cika alkawarin da suka ɗauka.

Duk da haka, adalci ya wajabta mu saurari masu suka, domin hujjojinsu suna da nauyi. Na farko, ba kowa ke da halin ƙin kuɗi ba. Fugazi sun sami jama'a mai yawa da ta ba su damar rayuwa da kiɗansu, alhali dubban ƙungiyoyi masu irin aƙidarsu sun watse saboda kuɗin haya da na asibiti. Ɗabi'ar da sai mai sa'a ke iya riƙewa, bai kamata a mai da ita bulalar dukan marar sa'a ba. Na biyu, akwai haƙƙin wanda ke nesa. Ƙungiyar Nirvana ta naɗi faifanta na farko a 1989 da kimanin dala 600 a ƙaramin kamfanin Sub Pop, sannan ta koma babban kamfani a 1991, kuma a watan Janairun 1992 faifanta Nevermind ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Wasu sun ce ta sayar da kanta. To, yaron ƙauyen da bai taɓa jin irin wannan kiɗa ba sai ta wannan hanya fa, shi ba mai sauraro ba ne?

Suka ta uku ta fi sauran ɗaci. Ran 2 ga Disamba 2016, gobara ta tashi a wani tsohon ɗakin ajiyar kaya da ake kira Ghost Ship a birnin Oakland na Kalifoniya, ana tsakiyar wasan kiɗa. Mutum 36 suka rasu. Wurin ba shi da izinin zama ko na taro, matakalarsa kuma da tarkacen katako aka haɗa ta. Tsadar haya ce ke kora masu fasaha zuwa irin waɗannan wurare, amma wannan bai sauke nauyi daga wuyan wanda ya buɗe ƙofa ya gayyaci jama'a ba. Wanda ya ce zai yi komai da kansa, ya ɗauki har aikin da hukuma da kamfani kan yi: duba wayoyin lantarki, ƙirga mutane, tabbatar da hanyar fita.

A nan ne, a ganina, ma'anar al'amarin ta fito. Taken "yi da kanka" yana ruɗar mutane, domin babu ƙungiyar da ta taɓa yin komai ita kaɗai. Akwai mai ba da ɗakin ƙasa na gidansa, da mai ara amsa-kuwwa, da mai liƙa takardun sanarwa, da mai shimfiɗa wa baƙi wurin kwana. Abin ya fi kama da gayya, inda kowa ke noma gonar ɗan'uwansa don ya san gobe za a zo tasa. Saboda haka makaɗin da ya ƙi ubangida bai fita daga bashi ba. Ya zaɓi waɗanda zai ci bashinsu ne, kuma su mutane ne da yake gani ido da ido.

Wannan darasi ba baƙo ba ne gare mu. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, waƙoƙinsa kuma suka yaɗu daga salula zuwa salula kafin wani kamfani ya san da shi. A 2021 ya fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador na Amurka. Wa zai ce ya yi laifi don ya buɗe ƙofar da ta kai muryarsa duniya?

Ke nan ma'aunin ba girman kamfani ba ne, ba kuma yawan kuɗi ba. Ga malaman da ke renon matasa, da ƙungiyoyin al'adu da ke ba su dandali, tambayoyi uku sun wadatar. Wa ke yanke hukunci a kan aikin? Wa aka bari a waje? Idan abu ya ɓaci, wa zai amsa? Matashin da ya iya amsa su da gaskiya ya riƙe mutuncinsa, ko ya sa hannu a yarjejeniya ko bai sa ba. Wanda kuwa ya kasa, talaucinsa ba zai wanke shi ba.