Tabo ko Ƙarya: Amanar Mai Gyaran Zane

Masu iya magana kan ce garin neman gira a rasa ido. Wannan 'yar maƙala za ta auna maganar a kan wani zane na fentin mai, mai suna Danae, wanda Rembrandt, shahararren mai zanen nan na ƙasar Holan, ya yi a shekarar 1636.

Zanen ya samo asali ne daga tatsuniyar Girkawa. Sarkin Argos ya kulle 'yarsa Danae domin an yi masa duba cewa ɗan da za ta haifa shi ne ajalinsa, amma Zeus, babban abin bautarsu, ya isa gare ta a siffar ruwan zinariya. Rembrandt ya zana ta a kishingiɗe, ta ɗaga hannu tana tarbar wani haske. Sarauniyar Rasha, Katarina ta Biyu, ta sayi zanen a 1772, aka adana shi a gidan tarihi na Hermitage.

Ranar 15 ga Yuni, 1985, wani mutum ya watsa wa zanen ruwan asid, ya kuma yanke shi da wuƙa sau biyu. Fenti ya narke ya kwarara, wani sashe na aikin ya tafi har abada. Sai a 1997, bayan shekara 12 ana gyara, aka sake fito da shi.

A nan ne tambayar take. Masu gyaran suna da hotunan zanen na kafin ɓarna, suna kuma da gwanintar da za su mayar da komai yadda ido ba zai gane ba. Sai suka taƙaita hannunsu. Suka ceto abin da ya tsira, suka daidaita launin wuraren da suka ƙone don kada su ɗauke hankali, ba su ƙirƙiro abin da ya ɓace ba. Shin gazawa ce ko amana?

Wani zai ce ai shi kansa Rembrandt ya sake taɓa zanen bayan wasu shekaru. Hoton da aka ɗauka na ƙarƙashin fentin ya nuna ya canza fuskar da hannun. Haka ne, sai dai mai abu ne ya canza abinsa. Sunan da ke jikin zane shaida ce cewa hannun wane ne ya yi wannan. Duk wanda ya shafa nasa fentin ya bar shi ƙarƙashin wannan suna, ya sa mamaci ya yi shaidar zur, alhali mamacin ba shi da bakin musantawa. Ɗaliban adabi sun san irin wannan: mai kwafar tsohuwar waƙa da ya tarar gara ta ci baiti, ya cike da nasa bai faɗa ba, ya gurɓata har baitocin da ke na gaskiya, domin an daina sanin inda marubuci ya tsaya.

Ba a musun cewa an yi asara. Wanda ya tsaya gaban Danae a yau ba zai ga duk abin da aka gani kafin 1985 ba. Amma abin da ya gani zai iya yarda da shi, kuma tabon kansa ya zama tarihi, yana faɗin abin da hannun mutum ya gina da abin da hannun mutum ya rusa. A ganina masu gyaran sun riƙe amana, domin sun san iyakar haƙƙinsu a kan abin da ba nasu ba.