Tsakar Gidan Haya: Ta Wace Ce?



A wani gidan haya da muka taɓa zama, mu shida ne matan aure, kowacce da ɗakinta, amma tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, kwata ɗaya. Wata rana mun dawo daga gidan suna sai muka tarar maƙwabciyarmu ta sa an kafa mata ɗan kicin na langa-langa a lungun da muke shanya, an dafe ƙasan da siminti. Gaskiya wurin ya yi kyau. Sai da damina ta sauka muka gane simintin ya toshe hanyar ruwa. Ruwan farko ya juya ya shige ɗakin wata amarya, ya jiƙa mata katifa da kafet. Da aka yi magana sai mai kicin ta ce da kuɗin mijinta aka yi, wurin ma da juji ne, ai gyara ta yi mana.

Kuma ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa maganar ta daɗe tana damuna. In mutum ya kashe kuɗinsa ya gyara abin da kuke tarayya a kai, da kyakkyawar niyya, amma bai tambayi kowa ba, ya yi laifi?

Ni dai a ganina ya yi. Ki tuna misalin jirgin ruwa da Manzon Allah (SAW) ya buga a hadisin Nu'umanu bin Bashir da Bukhari ya ruwaito. Mutanen ƙasan jirgin da suka so huda ɓangarensu don ɗebo ruwa ba mugunta ce ta sa su ba, wai don kada su riƙa damun na sama ne. Niyya mai kyau, rabon ma nasu ne, amma da an bar su da kowa ya nutse. To balle lungun da ba rabonki ba ne ke kaɗai. Ɗan haya zama ya biya wa kuɗi, ginin na mai gida ne, tsakar gida kuwa kowacce tana da haƙƙi a kowane taƙi nata. Malaman Malikiyya ba su ɗauki wannan ƙaramar magana ba. Wani magini ɗan Tunis, Ibnur Rami, ya rubuta littafi guda kan hukunce-hukuncen gini: katangar tarayya, magudanar ruwa, tagar da ke leƙa gidan maƙwabci.

Sai dai kada mu ɗora wa mai gyara laifin duka. Me ya sa mata da yawa ba sa tambaya? Sun san amsar da za su samu. Akwai wadda ba ta amfani da lungun, ba abin da zai rage ta, amma da ta ji wata za ta ji daɗi sai ta ce atafau. Wannan hassada ce, ko da an kira ta kare haƙƙi. Abu Huraira ya ruwaito hanin da aka yi wa maƙwabci kada ya hana ɗan uwansa kafa itace a katangarsa, kuma a cikin Muwaɗɗa an kawo yadda Sayyidina Umar ya tilasta wa Muhammadu bin Maslama ya bar Dahhaku bin Khalifa ya bi da hanyar ruwa ta gonarsa, tunda ba za ta cutar da shi ba, zai ma amfana.

Mu a gidanmu magana ta kai ga mazaje, daga nan ta kai ga mai gida, aka fasa simintin, kuɗi suka tafi a banza. Matan biyu sun shafe watanni ko gaisuwa ba sa yi, yara ma aka hana su wasa tare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da amaryar ta faɗa mini daga baya muna wanki. Ta ce, "Wallahi Yaya, ni ban ƙi kicin ɗinta ba. Da ta tambaye ni da na nuna mata inda ruwa ke bi, ai ƙofata ce ke kallon wurin."