Larura ko Ƙawa?

Malaman usulu, irin su Imamu Shaɗibi mai littafin Muwafaƙat, sun kasa maslahar ɗan Adam kashi uku, watau larura da buƙata da ƙawa. Saboda haka duk ɗan koyon ɗaukar hoton da tsohuwar kyamararsa ta mutu alhali aljihunsa ba nauyi, ya kamata ya tambayi ransa a wane kashi wannan hasara ta faɗa, tun kafin ya tambayi ɗan kasuwa farashi.

Idan da ita yake ɗaukar hoton biki da suna yana ciyar da iyali, to maye gurbinta ya kusa zama wajibi, ko da ta hannu zai saya. In kuwa nishaɗi ne kurum, cin bashi domin sabuwa israfi ne a ganina, tun da wayar hannunsa ta wadatar. Sau da yawa ma batir ne kawai ya gaji. In kuma injin ne ya mutu, gilashin yana iya hawa wata kyamarar, Canon ko Nikon, muddin bakinsu ya dace. Ya kai mai karatu, kai ta wurin mai gyara tukuna.