Gurmi A Bakin Butar Shayi: Laifin Tsirkiya Ne Ko Na Mai Sauraro?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk wanda ya san ƙasar Adar, tun daga birnin Tawa har zuwa Takanamat da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya san cewa idan an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, dare yakan yi tsawo. Samarin da ba su tafi cin rani Abijan ko Libiya ko Nijeriya ba sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko kusa da teburin mai shayi, su hura gawayi, su ɗora buta. Wannan zama shi ake kira fada, kuma ya yaɗu ƙwarai a garuruwan Nijar bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da bakin jama'a ya buɗe amma aikin yi ya yi ƙaranci. Sau uku ake dafa shayin, kamar yadda maƙwabtanmu Abzinawa suke yi, kuma tsakanin dahuwar farko da ta uku akwai lokaci mai yawa. A cikin wannan lokaci ne wani mai gurmi ko mai molo yakan zo ya zauna, ya ɗaure tsirkiya, ya fara kiɗa da waƙa, babu lasifika, babu kuɗin shiga.

To, tambayar da ke raba kan iyaye da malamai ita ce: a kore shi, ko a ƙyale shi?

Mu ba masu ba da fatawa ba ne, kuma ba za mu ɓoye wa mai karatu cewa maganar tana da nauyi ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya hana mutum ya nufi sauraron kayan kiɗa da waƙe-waƙen wasa da gangan, kuma wannan shi ne ra'ayin mafi yawan malaman mazhabarmu. Ibn Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tafi a kan halasci, malamai da yawa kuma suka yi masa raddi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan sauraro. Ya nuna cewa sauti mai daɗi ba haram ba ne a karan kansa, amma duk da haka ya hana kayan kiɗa masu tsirkiya, domin a zamaninsa alama ce ta majalisar mashaya giya. Shi ma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki shagalar kiɗe-kiɗe ta fadar sarakuna, sa'an nan a cikin Najmul Ikhwani ya kawo saɓanin malamai a kan mas'alar. Kuma ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya bar wasu 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, bayan Sayyidina Abubakar ya tsawata musu.

Wanda ya guji kiɗa baki ɗaya saboda tsentseni, haƙiƙa ya kama hanya mai aminci, kuma babu mai ikon yi masa gori. Sai dai dalilin da Gazali ya kawo ya isa ya sa mu tsaya mu yi tunani. Abin da ya dame shi shi ne inda kiɗan yake kai mutum, da irin mutanen da yake tarawa. Mu ma mun san haka a ƙasarmu: abin da ya ɓata sunan goge shi ne zamansa a fagen bori da gidajen giya. Saboda haka, ko da mutum ya bi ra'ayin masu sauƙaƙawa, akwai ma'auni uku da ba zai tsallake su ba.

Na farko, me ake faɗa? Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi shekaru yana yi wa talakawa nasiha a kan zaman aure da neman na kai. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da mata ta hanyar 'yan taru. Amma da wannan harshen ne kuma ake zambo, a ci mutuncin bayin Allah, a tone asirin gidan da bai ba da kuɗi ba.

Na biyu, me kiɗan ya ture? Idan an kira sallar isha'i tsirkiya ba ta yi shiru ba, ko aka kai tsakar dare har asuba ta kuɓuce, ko magidanci ya bar iyalinsa cikin kaɗaici kullum, to ko wa'azi ake rerawa an yi hasara.

Na uku, da me aka saya? A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan ne laifinmu yake, mu masu sauraro. Mun saba ɗora wa maroƙi dukan zunubi, mu ce maƙaryaci ne, yana kiran marowaci da sunan mai kyauta, matsoraci da sunan jarumi. Amma wa ya koya masa? Ranar da ya yi waƙar haƙuri da riƙon amana, 'yan daloli muke jefa masa. Ranar da ya wasa wanda ya dawo daga Abijan da sabon babur, ya ambaci kakanninsa, ya yi wa abokin hamayyarsa habaici, sai a ga jika tana bin jika. Mawaƙi mai iyali ne, kuma ya iya lissafi. Hadisin Miƙdadu da ke cikin Muslim ya yi umarni da a watsa wa masu wuce iyaka wajen yabo ƙasa a fuska, amma mu kuɗi muke liƙa musu a goshi. Wanda ya biya kuɗin ƙarya yana da kaso a cikinta, kuma sau da yawa kuɗin nan na cefanen gida ne, ko na bashin da ba a biya ba.

Akwai kuma abin da masu cewa a kore shi ya kamata su duba. A fadar da aka kori mai gurmi, kiɗa bai mutu ba, ya koma cikin aljihu ne. Yaro yakan toshe kunnensa da wayar salula, ya saurari abin da ba zai iya maimaitawa a gaban mahaifinsa ba, kuma babu wanda ya sani. Mai gurmi kuwa a fili yake, an san gidansu, an san ubansa. Idan ya zarce, dattijon da ke wucewa zai iya cewa, "Kai, ɗana, gyara bakinka," kuma ya gyara, domin gobe za su haɗu a masallaci. Wa zai tsawata wa waya? Birnin Tawa ya girmama mawaƙinsa Ɗan Gurmu har aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa, amma sa wa gasa suna ya fi sauƙi a kan tarbiyyar kunnen 'ya'yanmu.

Saboda haka kiranmu ga masu fada shi ne: idan ladan ya ɗaga murya, a ajiye gurmi a tashi. Kada a bari a ci naman kowa a kan tabarmarku, ko da da murya mai daɗi ne. Wanda zai yi kyauta ya yi ta ga magana ta gaskiya, ya hana ta ga zambo, zai ga yadda waƙar za ta sauya da kanta. Ga malamanmu kuma, muna roƙon su riƙa zuwa su zauna, su sha shayin nan, su karantar da hikima, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya tsare kunnuwanmu da harsunanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.