HAKKIN ƊALIBI MAKAHO A KAN AL'UMMAR MUSULMI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, malaman tafsiri sun ruwaito cewa wata rana Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana cikin kiran manyan Ƙuraishawa zuwa ga Musulunci, sai ga wani makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, ya zo yana neman a sanar da shi abin da Allah Ya saukar. Manzo ya kau da kai domin kwaɗayin shiriyar manyan nan, sai Allah Ya saukar da farkon Suratu Abasa, Ya nuna cewa mai neman ilmi da gaskiya shi ya fi cancantar a fuskanta. Daga baya wannan bawan Allah ya zama ladani tare da Bilalu, har Manzo yakan wakilta shi a Madina in zai fita yaƙi.

Ashe ke nan rashin ido bai taɓa zama shamaki ga ilmi ba. Imamu Shaɗibi, wanda masu ƙira'a ke dogara da littafinsa har yau, makaho ne. Haka kuma Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Abin da ya kai su wannan matsayi shi ne kunne mai saurare da kuma samun mai karanta musu.

To, a wannan zamani Allah Ya sauƙaƙe hanya. Tun 1824 Louis Braille na Faransa ya tsara rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda ake shafawa da yatsa, har an buga Alƙur'ani da shi. A 1961 Shaihu Mahmud Khalil Husari na Masar ya ɗauki karatun Alƙur'ani sukutum a faifai. Yau kuwa wayar hannu tana ɗauke da littattafan saurare, tana kuma karanta rubutu da murya. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta halatta mayar da littattafai zuwa irin waɗannan siffofi domin makafi ba tare da jiran iznin mai littafi ba.

Akwai kuma wani rukuni da aka manta da shi, watau yaran da idonsu garau, hankalinsu cikakke, amma haruffa na rikice musu in sun zo karatu. Likitoci na kiran wannan larura disleksiya. Sau da yawa akan kira irin wannan yaro daƙiƙi, a bi shi da bulala a makarantar allo da ta boko, alhali da za a karanta masa ya saurara, da ya riƙe. Dukansa kan abin da ba shi da iko a kai zalunci ne, domin Allah ba Ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

Saboda haka wajibi ne iyaye su daina tura makafin 'ya'yansu bara, su kai su makaranta. Malamai su ƙara wa irin waɗannan ɗalibai lokaci a jarrabawa, su yarda su amsa da baki. Mai kyakkyawar murya ya ɗauki karatun Ahalari, Ishmawi da Risala da fassararsu ta Hausa. Mawadata kuma su sani sayen na'urar rubutun makafi ga makaranta sadaka ce mai gudana.

Allah Ya sa a ji, a yi aiki da shi. Amin.